Kuɗin Udoji: Birni Ya Karɓa, Ƙauye Ya Biya

Duk sa'ad da aka yi shelar ƙarin albashi a ƙasar nan, sai ka ji dattawa suna ambaton Udoji, wasu da murmushi, wasu da tsaki. A wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙari in bi sawun waɗannan kuɗi, daga hannun ma'aikaci a birnin Kano har zuwa gonakin ƙasar Kabo da Gwarzo, inda na fito.

Kafin Udoji an yi hukumomin albashi da dama. Ta Morgan, wadda jan ƙafar gwamnati a kan rahotonta ya jawo babban yajin aikin watan Yuni na 1964, ta lura da abu guda mai muhimmanci, watau tsadar zama ba ɗaya ba ce ko'ina. Saboda haka ta ba da shawarar fam 12 a wata ga leburan Ikko, sauran wurare kuwa ƙasa da haka. Bayan yaƙin basasa aka yi ta Adebo, har ma'aikatan masana'antun Kano suka yi bore cikin 1971 don su ma a biya su.

Janar Yakubu Gowon ya kafa hukumar Jerome Udoji cikin 1972, ta miƙa rahoto cikin 1974, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya ninka wajen sau huɗu a kasuwar duniya. Aka ɗaga albashin ƙaramin ma'aikacin gwamnati daga Naira 312 zuwa Naira 720 a shekara, watau Naira 60 a wata. Bugu da ƙari gwamnati ta mayar da ƙarin baya zuwa watan Afrilu na 1974, aka biya ariyas na wata tara a dunƙule a farkon 1975. Ma'aikatan kamfanoni suka ce ai su ma ba a bar su a baya ba, suka shiga yaji har aka ba su nasu.

To, mai karatu, ka dubi masinja ko leburan Bompai da ya wayi gari da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Ya sayi keke ko rediyo, mai ɗan muƙami ya sayi babur, wani ya ƙara aure. Ba na ganin laifinsu, domin an daɗe ana cin guminsu da araha. Amma kuɗi ne suka ƙaru, kaya ba su ƙaru ba. Ɗakunan haya na Fagge da Gwagwarwa suna nan yadda suke, ga baƙi na ta kwararowa, sai masu gidaje suka ɗaga haya. Hatsi ya yi ƙaranci, don ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1972 zuwa 1974 ba. Kayan waje kuwa sun maƙale a tashar Apapa, inda ɗaruruwan jiragen siminti suka toshe hanya. A shekarar 1975 farashin kaya ya hau da wajen kashi 34 cikin ɗari. Abin da Udoji ya ba ma'aikacin birni da safe, mai gidan haya da ɗan kasuwa sun karɓi rabonsu kafin la'asar.

Mu bi hanyar Gwarzo, wadda ta wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, mu isa Kabo. Manomi ba shi da albashi, balle ariyas. Amma gishiri da kananzir da sabulu da turmin atamfa duk daga birni suke zuwa masa, da sabon farashinsu. Wani zai ce ai dawa da gero ma sun yi tsada, ke nan manomi ya samu. Gaskiya ne ga mai rumbuna da yawa. Ƙaramin manomi kuwa da kaka yake sayarwa, sa'ad da hatsi ke arha, don ya biya haraji da bashi, sa'an nan ya dawo ya auna da tsada cikin damina. Gyaɗa, wadda ita ce kuɗin talaka a ƙasar Kano, kuturta ta cinye ta a daminar 1975, daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi yadda take ba.

Babbar illa, a ganina, ta hannaye ce. Da can saurayi kan tafi cin rani bayan girbi, ya komo kafin shuka. Da ya ga leburan gini a Kano yana samun kuɗi rani da damina, sai komowar ta yi wuya. Gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare, ya ƙara rauni. Mai gida ya koma neman 'yan ƙwadago, su kuma suka auna ladansu da na birni. Ba abin mamaki ba ne da gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa cikin 1976, ana roƙon ma'aikata su yi noma a bayan gida.

Akwai wanda ya ci riba tsantsa, kuma ba a cika ambatonsa ba: ma'aikacin da aka ajiye a ƙauye. Malamin firamare a Kabo ko Getso, musamman bayan shirin ilmi kyauta na 1976 ya yawaita su, matakin albashinsa ɗaya da takwaransa na Kano, alhali yana zaune gidan gado, ga gonarsa. Naira ɗaya ce a takarda, amma a hannun mutum biyu nauyinta ya bambanta. Abin da hukumar Morgan ta hango ke nan.

Dokar farko ta mafi ƙarancin albashi ta ƙasa baki ɗaya ta zo ne cikin 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin da Hassan Sunmonu ya shugabanta yana neman Naira 300. Aka tsaya a Naira 125, kimanin dala 200 a canjin lokacin. Dokar ta tsame duk wurin da ma'aikata ba su kai 50 ba, ta kuma tsame 'yan ƙwadagon gona, watau kusan duk mai neman abinci a ƙasar Kabo. An ɗaga adadin zuwa Naira 18,000 cikin 2011, da 30,000 cikin 2019, da 70,000 cikin Yuli 2024. Wannan na ƙarshe, ranar da aka sa masa hannu, bai kai dala 50 ba.