Ahmed Musa: Tarihin wasansa daga Kano Pillars zuwa Kofin Duniya, da komawarsa gida

Ahmed Musa ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya da ke buga gaba da gefe, wanda aka fi sani da tsananin gudu. Shi ne ɗan wasan da ya fi kowa buga wa Super Eagles wasanni a tarihi, kuma shi ne ya fi kowane ɗan Najeriya zura ƙwallo a gasar cin Kofin Duniya. Ya yi wasa a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, amma a Kano Pillars ya fara yin suna, kuma can ya koma bayan shekarun da ya shafe a ƙetare.

Tasowarsa da shekarar Kano

An haife shi a Jos, Jihar Filato, ranar 14 ga Oktoba, 1992. Ya fara koyon ƙwallo a makarantar horar da 'yan wasa ta GBS da ke Jos, sannan ya buga wa ƙungiyar JUTH ta garin. Daga nan Kano Pillars ta ɗauke shi domin kakar wasa ta 2009/2010.

A lokacin Pillars tana kan ganiyarta. Ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a 2009. Magoya bayanta ba su tsaya a iyakar Jihar Kano ba. An kafa ƙungiyar ne a 1990, shekara guda kafin a cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, shi ya sa har yau a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura akwai masu kallonta a matsayin tasu, suna amsa kirarin nan na Sai Masu Gida.

Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a wannan kakar, yana ɗan shekara 17. Kafin shi, adadi mafi yawa da wani ya taɓa ci a kaka guda shi ne 17, wanda Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Pillars ta kammala a matsayi na biyu, bayan Enyimba. Bajintar ba ta daɗe ba, domin Jude Aneke ya ci 20 a 2011, Mfon Udoh kuma ya ci 23 a 2014, amma ita ce ta buɗe masa ƙofar Turai da ta babbar tawagar ƙasa a shekara ɗaya.

Holan da Rasha

Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ce ta saye shi a 2010. Sai dai dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika shekara 18, don haka sai da ya jira watan Oktoba kafin ya samu damar bugawa. A lokacin Venlo ƙaramar ƙungiya ce mai fafutukar kauce wa faɗawa rukuni na biyu, kuma irin wannan ƙungiya takan dogara ne da kai hari cikin sauri bayan ta ƙwace ƙwallo. Wannan tsari ya dace da ƙafarsa.

A watan Janairu 2012 ya koma CSKA Moscow, ƙarƙashin koci Leonid Slutsky. A nan ya yi shekarunsa mafi albarka a matakin kulob. Ya ci gasar Rasha sau uku, a kakar 2012/2013 da 2013/2014 da 2015/2016, ya kuma ɗauki Kofin Rasha a 2013. Kocin ya riƙa sauya masa wuri, wani lokaci a gefen hagu, wani lokaci a tsakiyar gaba, kuma a Moscow ne ya saba da gasar Zakarun Turai, inda ya haɗu da manyan ƙungiyoyi irin su Bayern Munich da Manchester City.

Leicester: cinikin da bai yi riba ba

A watan Yuli 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da cin gasar Firimiya ta Ingila watanni biyu kafin nan, ta saye shi kan kuɗin da ya kai kusan fam miliyan 16. Shi ne ciniki mafi tsada a tarihin ƙungiyar a lokacin, kafin ta sayi Islam Slimani na Aljeriya a ƙarshen watan Agusta.

Farkon ya yi armashi. Ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta kafin fara kaka, ya ci Crystal Palace da Tottenham a Oktoba, sannan ya ci Everton biyu a Kofin FA a Janairu 2017. Amma ƙwallo biyu kacal ya samu a wasannin Firimiya. Gaban Leicester na hannun Jamie Vardy, wanda shi ma da gudu yake cin abinci, gefuna kuma na Riyad Mahrez da Marc Albrighton. Da aka sallami koci Claudio Ranieri a Fabrairu 2017, wanda a zamaninsa aka kawo shi, sai zaman benci ya tsananta. A Janairu 2018 aka mayar da shi CSKA aro, matakin da ya ba shi damar samun wasanni a ƙafarsa kafin gasar Kofin Duniya da za a yi a Rasha.

Super Eagles

Ya fara buga wa babbar tawagar Najeriya a watan Satumba 2010, a wasan neman gurbin Kofin Afirka da Madagaska. Yana cikin tawagar Stephen Keshi da ta ɗauki Kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013. Shi ya ci ƙwallo ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da aka doke Mali 4-1 a Durban, kafin Najeriya ta doke Burkina Faso 1-0 a wasan ƙarshe.

Wasanni biyu ne suka kafa sunansa a duniya. Na farko ranar 25 ga Yuni, 2014, a birnin Porto Alegre na Barazil, inda Najeriya ta kara da Ajantina. Lionel Messi ya ci a minti na 3, Musa ya farke a minti na 4. Messi ya ƙara daf da tafiya hutu, Musa ya sake farkewa minti biyu da dawowa. Marcos Rojo ne ya ci ta uku, aka tashi 3-2, amma Najeriya ta wuce zagaye na biyu. Kafin wannan rana babu ɗan Najeriyar da ya taɓa cin ƙwallo biyu a wasa ɗaya na Kofin Duniya.

Na biyun ranar 22 ga Yuni, 2018, a Volgograd. Kuroshiya ta riga ta doke Najeriya a wasan farko, wanda Musa ya fara daga benci, kuma wani rashin nasarar zai iya kawo ƙarshen tafiyar. Koci Gernot Rohr ya sa shi a sahun farko da Aisland. Ya tare ƙwallon da Victor Moses ya bugo daga dama ya narka ta a raga a minti na 49, sannan a minti na 75 ya tsere wa mai tsaron baya, ya yanke mai tsaron gida, ya ci ta biyu. Da ƙwallo huɗu ya zama ɗan Najeriya mafi yawan ƙwallaye a gasar, kuma na farko da ya ci a gasa biyu daban-daban. A nahiyar Afirka, Asamoah Gyan na Gana yana da shida, Roger Milla na Kamaru yana da biyar.

Bayan John Mikel Obi ya yi ritaya daga tawagar a 2019, shekarar da Najeriya ta zo ta uku a Kofin Afirka na Masar, Musa ya karɓi kyaftin. Zamaninsa ya haɗa da rashin samun gurbin Kofin Duniya na 2022, bayan canjaras 1-1 da Gana a Abuja, da kuma kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Kwaddibuwa a Fabrairu 2024, inda masu masauki suka yi nasara 2-1. A wannan gasar bai buga ko minti ɗaya ba, William Troost-Ekong ne ya riƙa jagorantar 'yan wasa a fili.

Taƙaddamar lissafin wasanni

A watan Satumba 2021 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sanar cewa ya cika wasa 100. Daga baya ta amince cewa a kundin FIFA 98 ne, saboda an soke wasanni biyu na 2017. Ɗaya shi ne na sada zumunta da Togo, wanda aka wuce ƙa'idar yawan canjin 'yan wasa. Ɗayan kuma na neman gurbin Kofin Duniya da Aljeriya, wanda aka tashi 1-1, amma FIFA ta ba Aljeriya nasara saboda Najeriya ta sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa. Duk da haka ya cika ɗarin a wata na gaba, daga bisani ya zarce wasa 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama suka tsaya a kai. Ya sanar da ritayarsa daga buga wa ƙasa a Disamba 2025, yana mai lissafa wasa 111.

Saudiyya, Turkiyya da komawa Kano

Bayan gasar Rasha ya koma Al-Nassr ta Riyad a Agusta 2018, ya ci gasar Saudiyya a kakarsa ta farko, suka rabu a Oktoba 2020. Ya shafe watanni ba shi da ƙungiya, sannan a Afrilu 2021 ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci. Ba a saba ganin kyaftin ɗin Super Eagles yana buga gasar cikin gida ba, wadda ta daɗe tana fama da ƙarancin kuɗi, da jinkirin albashi, da ficewar matasa da zarar sun fara haskawa. Daga nan ya tafi Turkiyya, ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor.

A Oktoba 2024 ya sake dawowa Pillars, ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko. Ƙungiyar da ya tarar ba ita ce wadda ya bari a 2010 ba. Ta ci gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. A Yuli 2025 Gwamnatin Jihar Kano, mai mallakar ƙungiyar, ta naɗa shi babban manaja alhali yana cikin jerin 'yan wasanta, abin da ya sa ya zama shugaban abokan wasansa da na kocin da ke zaɓen wanda zai buga.

Jarrabawar farko ta zo a Oktoba 2025, lokacin da wasu 'yan kallo suka kutsa cikin filin wasa na Sani Abacha suka far wa alƙalan wasa bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen lokaci. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta zaftare mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Musa ya fito ya ba da haƙuri da sunan ƙungiyar.

Matsayinsa a tarihin ƙwallon Najeriya ya riga ya tabbata da ƙwallayen Porto Alegre da Volgograd da yawan wasannin da ya buga. Aikin ofis kuwa ma'auninsa daban ne: biyan 'yan wasa a kan lokaci, tsaron fili, da samar da hanyar da yaro daga Kano ko Jigawa zai bi ya kai inda ya kai. Pillars ba ta ɗauki kofin gasar ƙasa ba tun 2014.