Farautar Rami a Ƙasar Ƙaraye: Yadda Ake Gano Kare a Ƙarƙashin Ƙasa

Masu nazarin tarihin farauta a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga maharba masu kwari da baka, da kuma farautar gayya wadda ake fita da kiɗa da kirari bayan an kawar da amfanin gona. Amma akwai wani reshe na wannan sana'a da ba a cika kula da shi ba, watau farautar naman da ke kwana a rami, irin su gafiya da kurege da beguwa da dabgi. A ƙauyukan yammacin Kano, kamar Kafin Dafga da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, da wannan farauta ce yaro yake fara sanin daji.

Asalin al'amarin yana ga siffar karen Bahaushe. Kare ne dogo, siriri, mai dogayen ƙafafu, wanda ya fi dacewa da bin zomo ko gada a sarari. Ramin gafiya ya yi masa ƙunci, saboda haka aikinsa a nan shi ne ya sunsuna, ya yi tono, ya nuna wa ubangidansa cewa akwai nama a ciki. Amma ramin dabgi yana da faɗi, kuma beguwa takan gaje shi in mai shi ya tashi. Irin wannan rami ne kare mai zuciya yake kutsawa, ya ɓace wa ido. Daga nan ransa ya rataya a kan sanin ubangidansa, domin ƙayar beguwa tana kisa, rufin rami yana ruftawa, kuma maciji ma yakan fake a ciki.

Mafarauci yana fara karatunsa tun kafin kare ya shiga. Yakan duba bakin ramin: in akwai yanar gizo, ba kowa a gida, in akwai sabuwar ƙasa da sawu da ƙudaje, to mai gida yana nan. Sai ya kewaya ya toshe sauran ƙofofi. Bayan kare ya shiga, sai a tsawatar wa jama'a su yi tsit, su daina taka ƙasa. Gwanin cikinsu ya kwanta rubda ciki, ya ɗora kunne a ƙasa, yana matsawa kaɗan kaɗan, har ya kai inda haushi ko ƙarar tono ta fi ƙarfi. In ƙasar ta yi tauri, akan kafa dagi ko gora a kara kunne a kai, gama ƙarfe da itace suna ɗauko motsin da iska ba ta kawowa. Akan kuma zura doguwar tsumagiya don a san inda ramin ya karkata. Sa'an nan a haƙa daga sama, a bayan kare kaɗan, don kada dagi ya same shi.

Abin lura shi ne, wannan dabara ba ta tsaya ga Hausawa ba. A Turai an daɗe da kiwon ƙananan karnuka musamman domin shiga ramin yanyawa, ana kiransu teriya, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa. Wani Bafaranshe, Jacques du Fouilloux, ya bayyana wannan farauta a littafinsa na 1561. A Ingila kuwa wani limamin coci, John Russell, wanda ya rasu a 1883, ya shahara da kiwon irinsu, har wani jinsi yana ɗauke da sunansa. Su ma kunne a ƙasa da sandan ƙarfe suka dogara da su, shi ya sa suka fi daraja kare mai yawan haushi bisa mai cizo, tun da shiru a rami ɓata ne. Wasu sukan rataya wa kare ƙararrawa, kamar yadda mafarautan Kwango suke yi wa karnukansu marasa haushi. Sai a wajajen shekarun 1970 na'urar rediyo da ake ɗaurawa a wuyan kare ta fara maye gurbin kunne. Daga bisani, dokar farauta ta Ingila ta 2004 ta taƙaita shigar da kare rami ƙwarai.

A Arewacin Nijeriya ba na'ura ce ta rage wannan ilmi ba, ƙarancin daji ne. Shari'a ta halatta farauta da kare horarre, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta nuna, amma hukuma ta yi ta sa wa farauta iyaka, tun daga dokar kare namun daji ta 1916, zuwa ta Jihar Arewa ta 1963. Daɗin daɗawa, jama'a sun ƙaru, gonaki sun cinye saura da kurmi, kuma madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta sauya fuskar ƙasar Ƙaraye. Manyan namun rami suka yi wuyar gani, aka bar gafiya da kurege, waɗanda hayaƙi da fartanya sun ishe su. Hayaƙin nan kuwa sau da yawa shi ne mafarin gobarar daji.

A taƙaice, farautar rami ilmi ne na sanin ƙasa da halin dabba, wanda ba a rubuta shi ba, sai dai ɗa ya gada daga uba. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Ya kamata sassan tarihi da na nazarin Hausa a jami'o'i su tattara shi daga bakin tsofaffin mafarautan Ƙaraye da Rogo tun suna raye.