Tara Tsofaffin Maɓallai

Maɓalli ya fara ne a matsayin ado tun kafin ya zama abin ɗaure riga. Waɗanda aka tono a Mohenjo-daro, a ƙasar Pakistan ta yau, an sassaƙa su ne daga ƙwanson dabbobin teku, shekaru kusan 4,000 da suka wuce. Sai a ƙarni na 13 Turawa suka fara yanka masa kafa a jikin tufa, daga nan riguna masu kama jiki suka yaɗu.

Ƙarni na 18 ne masu tarawa suka fi ji da shi, kuma maɓallan lokacin na maza ne. Attajirin Faransa kan jera manya-manya a gaban kwat, wasu da zanen fenti a ƙarƙashin gilashi, wasu da saƙar zaren zinariya. A Birmingham ta Ingila, masana'antar Matthew Boulton ta yi fice wajen goge ƙarfe har ya riƙa walƙiya kamar lu'ulu'u, a wasu kuma a dasa farin zanen tangaran na Josiah Wedgwood a tsakiya. Bayan rasuwar mijin Sarauniya Biktoriya a 1861, baƙaƙen kayan makokinta suka jawo yayin baƙin maɓalli. Nata na dutsen jet ne mai tsada, talakawa kuwa suka koma ga baƙin gilashin Bohemiya, wanda har gobe sabon shiga kan saya da zaton jet ne. Japan ma ta aiko da na Satsuma, tangaran mai siraran tsage-tsage da adon zinariya.

Tarawar kanta daga Amurka ta bunƙasa. Wajejen 1860 'yan mata kan jera maɓallai a zare, burinsu su kai dubu. A shekarun matsin tattalin arziki na 1930 abin ya zama sha'awa mai araha, tunda kusan kowane gida akwai gwangwanin maɓallan kaka. An kafa National Button Society a Chicago a 1938, ita ce ta tsara rabe-rabe, ta ɗauki 1918 a matsayin iyaka tsakanin tsoho da sabo. Ingila ta samu tata ƙungiyar a 1976.

Ana ɗaure maɓallai a kan kwali bisa jigo ɗaya, a kai su gasa. Gwani dai baya yake fara jujjuyawa, domin ƙafar maɓalli da tambarin maƙeri su ke nuna shekarunsa, gaban kuwa ana iya kwaikwayonsa.