Bateshwar: Tsoffin haikalan Hindu da aka sake tayarwa daga kango

Bateshwar wani rukunin tsoffin haikalan addinin Hindu ne da ke kusa da ƙauyen Padavali, a gundumar Morena ta jihar Madhya Pradesh, a tsakiyar ƙasar Indiya. Wurin yana da nisan kimanin kilomita 35 arewa da birnin Gwalior. Haikalan sun kai kusan 200, an gina su da dutse a gindin wani tsauni, a fili mai faɗin hekta 10. Yawancinsu ƙanana ne, suna jere kusa da juna.

Tarihin gininsu

An gina haikalan tsakanin ƙarni na 8 da na 10, a zamanin daular Gurjara-Pratihara wadda ta mallaki yanki mai faɗi na arewacin Indiya. An keɓe su ga Shiva da Vishnu da Shakti, waɗanda mabiya Hindu ke bauta wa. Mafi girma a cikinsu shi ne haikalin Bhuteshwar na Shiva, kuma daga gare shi ake jin wurin ya samo suna.

Tsarin ginin iri ɗaya ne da na sauran haikalan arewacin Indiya: ɗan ƙaramin ɗaki mai kusurwa huɗu inda ake ajiye abin bauta, da hasumiya a samansa mai tsukewa zuwa ƙololuwa, sai ƙofa da aka yi wa sassaƙa.

Bayan ƙarni na 13 haikalan suka rushe. Masana sun rabu a kan dalili: wasu na cewa girgizar ƙasa ce, wasu kuma na danganta abin da yaƙe-yaƙen wancan zamani. A shekarar 1882 masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya Alexander Cunningham ya ziyarci wurin, ya tarar da tarin duwatsu da ƴan gine-gine kaɗan a tsaye. A 1920 aka sa wurin cikin wuraren tarihi da gwamnati ke karewa, amma aka bar shi kusan yadda yake har tsawon shekaru fiye da 80.

Aikin gyara

Babban aikin ya fara ne a 2005, ƙarƙashin hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, ASI. Wanda ya jagorance shi shi ne K. K. Muhammed, Musulmi ɗan jihar Kerala, wanda a lokacin yake shugabantar ofishin hukumar na Bhopal.

Matsalar farko ba ta gini ba ce, ta tsaro ce. Bateshwar yana cikin yankin kogin Chambal, wanda ya yi ƙaurin suna da ƴan fashin daji, kuma kangon ya zama maɓoyarsu. Ba ma'aikacin da zai shiga sai da yardarsu. Bisa labarin da Muhammed ya sha bayarwa, ya tattauna da ƙasurgumin ɗan fashi Nirbhay Singh Gujjar, ya nuna masa cewa sarakunan da suka gina wurin kakannin ƙabilarsa ne. Daga nan aka bar ma'aikata su yi aiki. Ƴan sanda sun kashe Gujjar a watan Nuwamba na 2005.

Hanyar da aka bi ita ce mayar da kowane dutse inda ya fito. Sai an share ciyayi da ƙasa, a tono harsashin haikali, sannan a bi tarin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ana duba girma da sassaƙa da gefen da ya karye, har a gane wane ginshiƙi ne na wane ɗaki. Duwatsun haikalai da yawa sun cakuɗe wuri guda, shi ya sa tantancewar take cin lokaci fiye da ɗora ginin kansa. Ta haka aka tayar da haikalai kusan 60 a zangon farko, aikin kuma ya ci gaba bayan haka.

Barazanar masu fasa dutse

Da ƙarfin ƴan fashi ya karye, sai wata matsalar ta kunno kai. Masu haƙar dutse ba bisa ƙa'ida ba suka matso kusa, kuma nakiyar da suke fasa dutse da ita tana girgiza gine-ginen da aka gama tayarwa. Muhammed ya kai koke har ga manyan shugabanni kafin a ɗauki mataki a kan haƙar da ke dab da wurin.

Muhammed ya yi ritaya a 2012, kuma a 2019 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta Padma Shri. A yau Bateshwar na karɓar masu yawon buɗe ido da masu ibada, amma har yanzu akwai tarin duwatsu a gefen haikalan da aka gyara, suna jiran a gano mazauninsu.