Quttinirpaaq: tafiyar ƙasa a hamadar ƙanƙara, kowa da guzurinsa a baya

A can ƙarshen arewacin ƙasar Kanada, a yankin Nunavut, akwai wani babban tsibiri da ake ce ma Ellesmere. Bakinsa na arewa bai kai kilomita 800 ba daga ƙuryar arewa ta duniya. A nan ne gandun dajin Quttinirpaaq yake, sunan da ke nufin "ƙololuwar duniya" a harshen mutanen Inuit. An keɓe shi a shekara ta 1988, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 37,775 ne, wato kaɗan ya rage ya kai jahar Maradi. Daji dai a suna, don ba itace ko ɗaya da za ka fake a inuwarsa.

Duk shekara, a watan Yuli, wasu ƴan tsirarun mutane kan je su ratsa wurin da ƙafa. Hanyar da aka fi sani ita ce daga mashigin teku na Tanquary zuwa tafkin Hazen, kimanin kilomita 90, tafiyar kwana 8 zuwa 12. Ba hanya ba ce irin wadda muka sani. Ba turba, ba gada, ba ƙauye, ba rumfar mai shayi. Ƙaramin jirgin sama samfurin Twin Otter ake shata daga garin Resolute, ya yi wajen awa huɗu a sama, ya sauke mutane ya juya. Kafin a ɗaga ƙafa sai an yi rajista wajen jami'an gandun, sun yi ma matafiyi bayanin abin da ke gabansa.

Daga nan, abin da ke cikin jakarka shi ke gare ka: tanti, bargon kwana, magani, busasshen abinci, risho da mansa tunda ba itacen wuta. Abincin rana ɗaya kan kusan kai kilo guda, shi ya sa kayan mutum ɗaya kan haura kilo 25 a ranar farko. In ka ɗauka da yawa gwiwa ta gaza, in ka rage yunwa ta tare ka. Kuma dole a ƙara na ƴan kwanaki a kai, saboda hazo ko iska na iya hana jirgi dawowa ranar da aka yi alkawari.

Mutum zai zaci sanyi ne babban abokin gaba. To, sanyin na nan, ƙanƙara na iya zubowa ko a tsakiyar Yuli, amma abin da matafiya suka fi shakka shi ne ruwa. Wurin hamada ne na gaske, abin da ke sauka daga sama a shekara ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma tsaunuka na lulluɓe da daskararriyar ƙanƙara. Daga watan Afrilu har ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ta zagaye, ta ɗan sunkuya ta sake hawa. In ta yi sama ƙanƙara ta narke, ƙoramar da ka gani iya idon sahu da safe ta koma kogi mai mirgina duwatsu da la'asar. Don haka ake jira sai lokacin da agogo ya ce asuba, ruwa ya ja baya, sannan a ƙetare. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu don in an faɗi a iya yar da ita, a dogara sanda, a shiga a jere. Wani lokaci a kwana biyu a bakin ruwa ana jira, abinci kuwa na ta raguwa.

Na'urar nuna alƙibla ma ba a cika dogara da ita ba, don wurin na kusa da cibiyar maganaɗisun duniya, allurar sai ta yi ta yawo. Wayar Thuraya da direbobinmu na Sahara suka sani ba ta kamawa a can, ta Iridium ake riƙewa. Ko ka samu kira, taimako na iya ɗaukar kwanaki.

Dabbobi akwai: wata mai kama da ɓauna, mai dogon gashi, wadda Inuit ke kira umingmak, wato "mai gemu", da fararen kyarketai, da manyan zomaye farare. Sai nanuk, babbar farar dabbar nan mai cin nama, wadda ta fi zama bakin teku amma ba a mance da ita.

Tarihin wurin ma maganar guzuri ce. A 1881 wani hafsan sojan Amurka, Adolphus Greely, ya kafa sansanin Fort Conger, wanda kufansa ke cikin gandun a yau. Shi ne ma ya raɗa ma tafkin Hazen suna. Jiragen ruwan da za su kawo musu abinci sun kasa isowa a 1882, suka sake kasawa a 1883. Ayarin ya bar sansanin ya nufi kudu, ya ci lokacin sanyi a Cape Sabine cikin yunwa. Da masu ceto suka iso a watan Yuni na 1884, cikin mutum 25 shida kaɗai suka koma gida da rai.