Jiragen Fatauci a Yaƙin Bida, 1897

A shekarar 1894 wani Bature mai suna William Wallace ya iso Wurno, ya gai da Sarkin Musulmi Abdurrahman a matsayin wakilin 'yan kasuwa. Kamfanin da ya aiko shi, Royal Niger Company, manja da man kaɗanya yake saye, jiragensa masu aiki da tururi kuma kayan ciniki suke dako a Kwara da Binuwai. Bayan shekara uku, wannan baƙon ne ya jagoranci jiragen nan zuwa yaƙi.

A watan Janairun 1897 shugaban kamfanin, George Goldie, ya tashi daga Lokoja da soja kimanin 500, yawancinsu Hausawa da Yarbawa. Ko kusa wannan adadi bai kai na mayaƙan Nufe ba. Sai dai babban ɓangaren rundunar Etsu Abubakar yana kudancin kogi, wajen Kabba, a hannun Makun Muhammadu. A nan jiragen suka yi aikinsu. Wallace ya ɗora musu bindigogi, ya tsare mashigai, ya kuma jawo masu kwalekwale na Kede, waɗanda dama suna jin haushin Bida. Makun ya rasa hanyar tsallakawa ya kai ɗauki. Jiragen suka haye da soja da igwa zuwa gaɓar arewa, kafin watan ya ƙare Bida ta faɗi. Su ne kuma suka kwashi rundunar zuwa Jebba, Ilori ta bi sahu a tsakiyar Fabrairu.

An fi ba bindigar Maxim darajar wannan nasara, amma bindiga ba ta kai kanta fagen fama. Masarautu biyu cikin sati shida aikin sufuri ne. Dabarar ba ta tsufa ba: a 1982 Ingila ta yi jigilar sojanta zuwa yaƙin tsibiran Falkland a jiragen fasinja, Canberra da Queen Elizabeth 2.

Iyakar jiragen Jebba ce, domin duwatsun Busa sun tare kogin daga sama, Gulbin Rima da ya ratsa Goronyo da Wurno kuma ba ya ɗaukar irinsu. Shi ya sa rundunar da ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 a ƙasa ta zo daga Kano, 'yan alaro na biye da kaya a ka. Abdurrahman bai ga zuwanta ba. Ya rasu a watan Oktoban 1902.