Alheri Danƙo Ne: Tarihin Wata Kalma a Bakin Masihiyawan Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da aka tambaya inda tarihin Hausawa ya faro, kafin a rufe baki zai ce Daura. Zai kawo labarin rijiyar Kusugu, da macijin nan Sarki wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sare masa kai cikin dare. Masana suna ta muhawara a kan asalin wannan labari, amma ni ba ita ta kawo ni ba. Abin da na ke so mai karatu ya lura da shi shi ne ƙarshen labarin. Da gari ya waye, Sarauniya Daurama ba ta tsaya ga godiyar baki ba, sai da ta nemi wanda ya yi aikin don ta saka masa, har abin ya kai ga aure. Watau tun a labarinmu na farko, alheri abu ne da a ke ramawa.

Haka mu ke har yau. Wanda ya kawo maka gudummawa ran suna, kai ma za ka kai masa ran nasa. Wanda ya zo gayyarka, kai ma ka ɗauki fartanya ran tasa. Shi ya sa Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, wannan kalma ce masu fassara Littafi Mai Tsarki suka ɗauka don bayyana babban ginshiƙin koyarwar Kirista, watau kyautar Allah wadda mutum bai cancanta ba, ba kuwa zai iya ramawa ba. Ni a gidan Masihiyawa na tashi, amma ba wa'azi na zo yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina ba. Nufina in bi sawun wannan kalma cikin tarihi, mu ga yadda Hausawan da suka karɓe ta suka zauna da ita a gona da kasuwa da tsakar gida.

Dorugu da Schön

Labarin bai yi nisa da Kusugu ba. Wajen 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, arewa da Daura, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Aka kama shi bawa tun yana ƙarami, aka kai shi Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu cikin 1852, sai Dorugu ya koma hannun Heinrich Barth, ya bi shi har Tambutu, daga bisani suka isa Ingila cikin 1855.

A Ingila ya zauna gidan James Frederick Schön, ɗan mishan na C.M.S., wanda ya biyo ayarin binciken kogin Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön ya daɗe yana koyon Hausa daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, amma sai da ya sami Dorugu ya sami Hausa ɗanya sharaf. Bisharar Matiyu ta fito da Hausa cikin 1857, nahawunsa cikin 1862, Sabon Alkawari cikin 1880, sa'an nan Magana Hausa cikin 1885, inda Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Dorugu ya dawo Afirka, ya rasu a Kano cikin 1912.

A nan akwai abin lura ga mu masu nazarin harshe. Kalmomin addini da Schön ya tarar a bakin Hausawa, irin su Allah, da zunubi, da tuba, da gafara, da alheri ita kanta, duk daga Larabci suka shigo ta hanyar Musulunci. Saboda haka Kiristancin da ya yi magana da Hausa, tun ran farko da ƙwaryar aro ya sha ruwa. Wannan ba abin kunya ba ne, haka harsuna su ke. Amma ya sa tilas mai bishara ya riƙa bayyana abin da ya ke nufi da kalmar da mai sauraronsa ya riga ya sani da wata ma'ana.

Likita Mila da Mutanen Wusasa

Cikin 1900 Bishof Herbert Tugwell ya jagoranci 'yan mishan zuwa Kano. Sarkin Kano Alu bai yi musu maraba ba, ya sa su fita garinsa, suka koma Girku. Cikinsu akwai Walter Miller, wanda Zage-zagi suka laƙaba wa Likita Mila. Cikin 1905 ya zauna birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Gwamnatin Turawa kuwa ba ta sakar wa mishan mara ba, domin Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba. Dalili ke nan da ya sa garuruwa irin su Daura da Katsina suka daɗe ba tashar mishan a cikinsu.

Wajen 1913 wasu mutane suka zo wurin Likita Mila. Zuriyar Isawa ne, mabiyan wani Malam Ibrahim na Kano, wanda karatun Alƙur'ani ya sa ya ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, har aka kashe shi a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watsu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira suka haɗu da na Zariya, kuma cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak. Bayan shekara uku, cikin 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Mila da malaman Hausa da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi suka yi shekaru suna yi.

Wusasa ƙaramin wuri ne, amma ta fitar da manya. Daga can Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga can Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mu kuma 'yan adabi ba za mu manta da John Tafida ba, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Me A Ke Nufi da Alheri?

A taƙaice, koyarwar ita ce mutum ba ya sayen cetonsa da aikinsa. Allah ne ke bayarwa kyauta ta wurin Almasihu, mutum ya karɓa da bangaskiya. Aikin kirki kuwa 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Manzo Bulus ya nanata wannan cikin wasiƙunsa ga Romawa da Afisawa. Wani ɗan Afirka ne ma ya fi kowa kare ta, watau Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya yi jayayya da Felajiyas mai cewa mutum yana iya gyara kansa da ƙoƙarinsa. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin. Kan batun nan ne kuma Martin Luther ya tashi a Jamus cikin 1517.

Misalin da ya fi shiga kunnen manomi shi ne na Matiyu sura 20. Mai gona ya ɗauki 'yan ƙodago, wasu da asuba, wasu da hantsi, wasu da la'asar sakaliya, da yamma kuwa ya biya su daidai wa daida. Na ga ana karanta wannan a majami'ar ƙauye dattawa suna kaɗa kai, domin kowa ya san a gonar Bahaushe ba a yin haka. Iya ruwa fid da kai, kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. Ga alherin da mu ka sani, mai ramuwa, ga kuma wannan da ba a ramawa. Duk wahalar zaman ikkilisiya a ƙasar Hausa a tsakanin waɗannan biyun ta ke.

Daga Babbar Ruga zuwa Gidajen Maguzawa

Ƙofar da aka rufe wa mai wa'azi, sai aka buɗe wa mai magani. Cikin 1937 ƙungiyar S.I.M. ta karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. A hayin Nijar kuwa sun riga sun zauna Damagaram tun 1924 da Tsibiri tun 1928, sa'an nan asibitin Galmi ya biyo baya cikin 1950. Kuturu mutum ne da ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da shi, ba kuwa shi da abin da zai rama da shi. Ranar da wani ya wanke masa gyambo ba da ƙyama ba, ya fahimci alheri fiye da mai digiri. Da yawa cikin masu bisharar farko na ƙasar Katsina da Kano daga irin waɗannan wurare suka fito, suka koma ƙauyukansu da karatu. Gwamnati ta karɓi wuraren cikin shekarun 1970.

A cikin shekarun nan ne kuma Maguzawa masu yawa, musamman wajen Malumfashi da Ƙafur, suka shiga ikkilisiya, wasu E.C.W.A. wadda aka kafa cikin 1954, wasu Katolika, wasu Anglikan. A nan aka gwada koyarwar da dutsen gwaji. Bamaguje yana da mata biyu ko uku, yana da tukunyar giya da a ke sha ran gayya da ran biki, yana da tsafin gida da ya gada. Aka ce masa ceto kyauta ne. Da ya zo neman baftisma, sai aka ce sai ya saki matansa ya bar ɗaya. Taron bishof-bishof na Lambeth na 1888 ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma, kuma sai a taron 1988, bayan shekara ɗari cif, aka sassauta, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba. Ina tambaya, matar da aka kora da goyo a baya domin mijinta ya sami shiga ruwa, wane alheri ta gani? Kyauta ce aka sa wa kuɗi.

Haka batun horo. A ikkilisiyoyi da yawa, wanda ya yi laifi a kan sanar a gaban jama'a, ya koma kujerar baya, a hana shi Jibin Ubangiji har wani lokaci. Manufar ita ce ya tuba a maido shi. Amma kowa ya san yadda sau da yawa abin ke faɗawa kan yarinyar da ta yi ciki, ya tsallake attajirin da ya tauye mudu ko ya danne haƙƙin ɗan ƙodago, domin baikonsa mai nauyi ne. Inda aka yi haka, an koma alherin biki, a ba ka domin ka bayar.

Sai dai kada in cika ɗora laifi gefe guda. Akwai masu juya koyarwar su ce tun da kyauta ce, kowa ya yi abin da ya ga dama. Bulus kansa ya tsawata wa masu wannan tunani, Yaƙub kuma ya nuna bangaskiyar da ba aiki matacciya ce. Inda na fi ganin an kama tsakiya shi ne wurin iyayenmu mata na Zumuntar Mata. Su ne ke zuwa gidan mai jego da gidan makoki, su nome gonar gwauruwa wadda suka san ba za ta taɓa rama musu ba, su kai wa maƙwabciya Musulma abinci ran Kirsimeti, ita ma ta aiko musu da naman layya. Sun ɗauki gayyar Bahaushe sun cire mata lissafi. Ba su san sunan Agustin ba, amma sun gane abin da ya ke faɗa.

Kammalawa

Cikin 1979 aka fitar da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa mai sauƙi, kuma kalmar alheri tana nan daram. Kiristoci Hausawa da Fulani da Barebari sun kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, domin su nuna mutum yana iya bin Almasihu bai yar da babbar rigarsa da harshensa ba. Cikin 2023 Fafaroma Faransis ya kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishof na farko. Daga yaron Dambanas da aka sayar bawa zuwa wannan rana, tafiya ce mai nisa.

Amma tambayar tana nan ga kowane Mamasihi, kuma ba a kan bagade a ke amsa ta ba. A kasuwa a ke amsa ta, ran da bashi ya gagari maƙwabci biya. A gida a ke amsa ta, ran da ɗan da ya ɓata ya dawo hannu rabbana. A ofis a ke amsa ta, ran da wanda ya taɓa cutarka ya zo neman sa hannunka. Wanda ya ce an yafe masa kyauta, ya kuwa ƙi yafe wa wani sai an biya shi, bai gane kalmar da ya ke furtawa kowace Lahadi ba.

Ga 'yan'uwana masu nazarin Hausa kuma ina da roƙo. Tsofaffin masu bishara na ƙauyukan Katsina da Kano da Zazzau suna ta ƙarewa, da waƙoƙinsu da karin maganarsu da labarin yadda suka zauna da danginsu Musulmi da Maguzawa. Wannan ma tarihin Hausa ne, ya kamata mu je mu ɗauko shi daga bakinsu tun da sauran lokaci, kamar yadda Schön ya ɗauko na Dorugu. Allah Ya sa mu dace, amin.